Saitin tafet: in bari a taɓa kan injin ko in dakata?

Ɗan Gwadabawa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da babur Bajaj Boxer da nake acaba da shi a Legas, wanda na karɓa bisa sharaɗin biya duk mako, yau wata tara ke nan, mita ta nuna kilomita 11,400. Kwanan nan idan na fito bayan sallar asuba sai na buga kik sau shida ko bakwai kafin ya tashi, kuma yakan mutu idan na tsaya ɗaukar fasinja, amma ba na jin wata ƙara. Na riga na canza fulogi. Bakanikena ya ce tafet ne, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul a kan inji, ya nemi naira 4,000 na saiti ban da kuɗin juyen baƙin mai, kuma ya ce sai babur ɗin ya kwana a wurinsa. Tun da aka sayo shi ba a taɓa kan injin ba, ga shi ban gama biya ba. In yarda ko in dakata?

Mai Jan Hula, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ka canza fulogi ka wanke kafireta, matsalar za ta wuce. Ni a nan naira 1,500 nake biya a saita mini tafet, ina tsaye a gama.

Na Alaba Rago:
Ƙanena, kada ka bari kowa ya taɓa maka injin da ke zaune lafiya. Bara na shiga juye kawai, yaron gareji ya kasa kunne ya ce tafet yana kuka. Na dawo daga Okokomaiko ke nan, inji da zafi har yana naɗe tsumma a hannu, ya kwance murfi ya ɗaure da sifana, babu wani awo, ya ce in ji yadda ya yi shiru. Na ji daɗi har na ƙara masa na shayi. Mako uku bayan haka babur ya daina jan mutum biyu, da aka sauke kan inji sai ga bawul na wajen salansa ya ƙone, gefensa ya gutsure kamar ɓera ya ci. Na kashe naira 27,000, na yi kwana huɗu ban fita ba, mai babur kuma bai rage mini ko sisi daga balas, wato kuɗin da nake kai masa, ba. Da na koma wurin yaron, maigidansa ya ce ai ni na cika gudu. Bashin da na ci a makon nan sai bayan babbar salla na iya biyan sa.

Baba Bakanike, Ikorodu:
Allah ya mayar da alheri, amma labarinka hujja ce a kan yaron, ba a kan aikin ba. Tsakanin tafet da kan bawul akwai ɗan gibi wanda a irin waɗannan ƙananan injuna bai fi kaurin gashin kai ba, kuma littafin kowane babur ya faɗi awonsa. An bar shi ne domin ƙarfe yana kumbura idan ya ɗauki zafi. Idan gibin ya yi yawa za ka ji ƙas-ƙas, wannan kuwa mai sauƙi ne. Idan ya matse, bawul ba ya rufewa sosai, iska tana zurarewa, babur ya ƙi tashi da safe, zafin da ya kamata bawul ya sauke a mazauninsa kuma ya tsaya a jikinsa har ya ƙone. Duk wannan yana faruwa ne shiru. Ɗana na Agege, bakaniken da ya ce a bar masa babur ya kwana ya san aikinsa, domin da inji mai sanyi ake awo, a juya magineto har alamar T ta daidaita, fistin yana sama bawul biyun a rufe, sannan a zura siririn ƙarfen awo. Ka ce ya nuna maka ƙarfen kafin ya fara.

Mai Jan Hula, Mile 12:
Baba, da girmanka, mai gareji ba zai taɓa cewa kada a kawo gyara ba. Mu da muke kan babur tun daga asuba har isha mun fi sanin halinsa.

Baba Bakanike, Ikorodu:
Gaskiya ne kun fi ni zama a kansa, ni kuma na fi ku ganin cikinsa bayan kun turo shi da hannu.

Ɗan Zabarma, Ojo:
Nawa babur ɗin tafet ɗinsa yana kuka har fasinja ba ya buƙatar ham, matata ma da ƙarar take sanin lokacin ɗora ruwan tuwo. Bisa bayanin Baba, ashe ni ne mafi kwanciyar hankali a cikinku.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:
Ni ba sana'a nake yi da nawa ba, amma naira 4,000 ta yi yawa ga aikin da ba a sayen komai a cikinsa. Naira 2,500 na biya, har da ɗaure cen da shafa giris.

Na Alaba Rago:
Malam, yaushe ke nan? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu farashin da ya zauna wuri ɗaya. Kuma tun da aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da sauransu a 2022, duk muka dawo cikin unguwanni masu ramuka da ruwa, inda tsarin littafi ba ya aiki. Ni duk kwana goma nake juye.

Mai Jan Hula, Mile 12:
Juyen ma da wane mai? Watan jiya na sayi lita ɗaya a wani shago, gwangwani da hatiminsa cif, bayan kwana biyar na zare sandar awo na murza a yatsa, ya tsinke kamar ruwan shayi yana warin ƙuna. Na mayar da gwangwanin, mai shago ya rantse cewa haka aka kawo masa. Yanzu sai na huda gindin kowane gwangwani kafin in yar, saboda yaran da ke tsince su suna sayar wa masu sake cikawa.

Ɗan Gwadabawa, Agege:
Na gode ƙwarai. Baba, ya ce yana da ƙarfen awon amma yana wurin ƙaninsa a Iyana Ipaja. In jira ya karɓo, ko in nemi wani?

Ɗan Zabarma, Ojo:
Malam Mai Jan Hula, a wane layi shagon yake? Ina zargin a wurinsa na sayi nawa ranar Talata.