Waɗanda suka karanta kiɗan tsirkiya a jami'a, me kuka tarar?

Uwar 'yan biyu, Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya gama shahada, wato jarrabawar kammala sakandare ta nan Sudan, ya kafe sai kamanja, gogen Turawa, zai karanta a jami'a. Baba ya ce ba a gidansa za a yi maroƙi ba. Ni kuwa na san yaron, tun yana ƙarami kunnensa na kan kiɗa. Don Allah duk wanda ya bi wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani, daɗi da wuya.

Mai kamanja, Wad Madani: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Khartum na yi, a kulliyar kiɗa da wasan kwaikwayo ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, wadda ta faro a matsayin cibiya tun 1969. Sakamakon shahada kaɗai ba ya shigar da mutum, sai ya ci gwajin baiwa: a taɓa maka sauti a fiyano ka mayar da bakinka, a tafa maka kiɗa ka tafa daidai. Bayan an shiga kuma aiki ne ja. Wata da watanni muna kan riƙon baka da karatun nota, yatsun hagu har kanta suka yi kafin a bar mu mu taɓa waƙa.

Abin da ya cece ni, kakana ɗan goge ne a Maiurno. Ina zaune gefensa yana shafa ƙaro a izga, yana lalubo sauti a kan tsirkiya ɗaya tak, babu wata alamar inda yatsa zai sauka. Kamanja tsirkiyarta huɗu, amma ita ma kunne ne jagora. Ga shi yawancin waƙoƙin Sudan a kan sauti biyar suke tafiya kamar namu, don haka ban ji baƙunta ba. Inda na sha wuya shi ne maƙamomin Larabawa, wato tsarin sautukan waƙoƙinsu, masu rubu'in sauti.

Malamar makaranta, Kasala: Ni ud na karanta, wato molon Larabawa, kuma mace, sai ki ƙiyasta surutun dangi. Abin da ya sauko da mahaifina, ya ji cewa koyarwa zan yi. Ku bi wa Baba ta nan, cikin ladabi. Nakan tuna wa mutane cewa mawaƙiya Aisha Falatiya tamu ce, tun shekarun 1940 ake jin muryarta a Rediyon Omdurman. Albashi kam ba ya riƙe gida, darasin da nake ba yara da yamma ne ke cike giɓin.

Ɗan uwanku a Riyad: Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 da bukukuwan aure da sutudiyo nake ci. Rana ɗaya komai ya tsaya, abokan kiɗanmu suka watse, wasu Alƙahira, wasu nan. Saudiyya ta kafa hukumar kiɗa a 2020, ana neman masu koyarwa. Inda na samu aiki abu biyu suka tambaya: takardar jami'a mai hatimi, da iya karanta nota. Na ga wanda ya fi ni hannu nesa ba kusa ba ya rasa, saboda da ka ya koya.

Mai gyaran kayan kiɗa, Bur Sudan: 'Yata, ki ce masa ya haɗa da koyon gyara. Zafi da bushewar iska suna tsaga katakon ud, manne ya saki, maɗaurin tsirkiya ya ƙi zama. Masu kiɗa da yawa, masu gyara 'yan kaɗan ne, ni da wannan na aurar da 'ya'yana. Ina da tsohuwar kamanja da na ɗinke bayanta, sautinta lafiya lau. In Baba ya amince, ki turo shi lokacin hutu ya zauna a shago, ya riƙa gwada hannu da ita.