Me za mu kira "on the bit" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, masu dawaki. A horon doki irin na Turai da ake kira diresaj, akan ce doki yana "on the bit". Jamusawa na kiran abin Anlehnung, shi ne na uku a matakai 6 na horonsu. An ba ni "kan linzami", amma bai kwanta mini ba.

Mai Barga: Wa alaikumus salam. Bar wannan, Malam, ba Hausa ba ce. Mu fara duba dokin. Ƙeyarsa ce ta fi ko'ina tsayi a wuyan, hancinsa ya ɗan gota goshi, bayansa ya saki, yana tauna ƙarfen linzamin a hankali har ka ga kumfa a leɓe. Kuma daga baya ake ɗauko abin. Ka zauna daram a sirdi, ka matsa da sharaɓa daidai majanyi, ƙafafun baya su shiga ƙarƙashin ciki, ƙarfin ya bi gadon baya ya tarar da hannunka a natse. Gwiwar hannu, kamazuru da bakin doki su miƙe layi ɗaya. Ni dai "miƙa wuya" nake gani.

Tsohon Mahayi: Ya yi daɗin ji, ɗana, amma akwai haɗari. Bahaushe ya ji miƙa wuya, saduda zai fahimta, sai yaro ya kama jan baki dama da hagu har doki ya cusa haɓa a ƙirji. Wannan noƙewa ce. Kai ya lanƙwashe, baya ya sandare, ƙafafun baya na ja a ƙasa. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ma ta haramta tanƙwara wuya da ƙarfin tsiya tun 2010. Abin da ake so, doki ya nemi ƙarfen da kansa. Ku ce "karɓar linzami".

Mai Fassara: Baba, "bin linzami" fa?

Tsohon Mahayi: Wannan juyawa ce inda aka ja shi. Dokin hawan sallah yana bin linzami sarai, alhali kamazurunsa a sake yake, don linzaminmu mai zobe a haɓa yana da kaifi, taɓawa ake yi a saki. Kada a gwada wannan aiki da shi, zai ji wa dasashi ciwo. Mai gaɓa a tsakiya da zobba biyu a gefe ake sawa.

Mai Barga: Na bi Baba. Mai son gwadawa ya yi sassarfa a da'ira mai faɗin mita 20. Ƙafar mahayi ta cikin da'irar a majanyi, ta waje ta koma baya kamar tafin hannu ɗaya, hannun waje kada ya motsa, yatsun ciki su matse kamar mai matse soso, su saki. Doki na sassauta muƙamuƙi, kai ma ka sassauta nan take, don da sakin yake gane ya yi daidai. In ya ɗaga kai sama ya lotsa baya, kafin ka zarge shi a duba turamensa ko sun yi kaifi, a duba ko sirdi na cin sa.

Mai Fassara: Na gode. Na rubuta karɓar linzami. Mai cusa haɓa ya noƙe, mai ɗaga kai ya ƙi linzami. Saura wanda ke sauke nauyin kansa a hannun mahayi.

Tsohon Mahayi: Wannan ya jingina. Maganinsa yawan sauya tafiya da sassarfa, duk bayan taku 8 zuwa 10, ba ƙarin ja ba.