Waken da aka sauya wa halitta: muhawarar manoman Gusau

Alhaji Sani: Assalamu alaikum. Tun jiya wani saƙon murya ke yawo, wai waken nan SAMPEA 20-T da aka sauya wa halitta, in ka ajiye irinsa ba ya tsirowa baɗi, sai ka koma ka saya. Abin ya tsaya mini a rai.

Nura: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Mai saƙon bai taɓa riƙe fartanya ba. Masu binciken aikin gona na Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, suka fitar da shi a 2019. An sa masa ƙwayar halittar wata bakteriya ta cikin ƙasa, tsutsar da ke huda fure da kwanso in ta ci sai ta mutu. Bara na ajiye tiya biyu, bana na shuka a gonarmu ta hanyar Ƙaura, ya fito lafiya lau. Feshi biyu na yi, maƙwabcina kuwa har na daina ƙirga nasa.

Alhaji Sani: To ita ƙwayar, ta 'yan Samaru ce? Na ji daga kamfanin Monsanto na Amurka ta fito.

Nura: Haka ne, Baba, can ta fito, kyauta suka bayar.

Alhaji Sani: Kyautar ɗan kasuwa? Hmm. Yaro, mun ga jiya.

Malam Bello: Alhaji bai yi ƙarya duka ba. Masarar TELA da aka saki a 2024, wadda ita ma an sauya mata halitta, mai aure ce, wato iri biyu aka haɗa aka fitar da ita, in ka maimaita irinta amfanin zai ragu, dole ka sayi sabo. Amma duk masara mai aure haka take, tun kafin wannan zance. Wataƙila nan mai saƙon ya haɗa wake da masara.

Hajiya Rabi: Ni mai ƙosai ce, cikin mutane nake ji wa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari. In wannan zai rage guba, ina so.

Malam Bello: Hajiya, a hankali. Wancan maganin a buhu 'yan kasuwa ke zuba shi, don ƙwarin ajiya, kuma wannan iri ba ya maganinsu. Maganinsu sai buhun nan mai leda ciki da ke hana iska shiga.

Hajiya Rabi: Ashe! To a kasuwa yaya zan gane wanne na auna? Ba wanda ke rubuta komai a jikin kwano.

Nura: Nan kam kin kama ni, Inna.

Alhaji Sani: Nura, bayan La'asar kawo mini tiya ɗaya. Kunya uku zan ba shi a gefen gona, nesa da nawa na gado.