Shafin shagona yana aiki a wata waya, a wata kuma ya ƙi

Mai shadda, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Na ba wani matashi aikin yi wa shagona shafin intanet. Ya zo da kwamfutarsa ya nuna mini, komai tsaf: shadda, atamfa, leshi, kowanne da farashinsa, ga wurin danna oda. Sai wani abokin cinikina na Maraɗi ya kira ya ce duk lokacin da ya danna oda, shafin sai ya yi fari ya dawo yadda yake. Yarona ya gwada da Chrome, lafiya lau. Mai aikin ya ce matsalar wayar mutumin ce. To ni kuwa mutumin nan dila yake saya, ba zan ce ya canza waya ba. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayi abokin cinikin naka da wace burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) yake shiga, ina kyautata zaton Opera Mini ce. Masu tsimin data da yawa ita suke so, kullum ina ganinta a wayoyin da ake kawo mini. In aka sa ta a matakin tsimi na ƙarshe, shafin na fara biyawa ta na'urorin kamfanin Opera, a matse shi a can, sannan a turo wa waya. Shi ya sa ba ta cin data, amma JavaScript ɗin shafin, wato umarnin da ke sa abubuwa motsi a cikinsa, a can yake gudana na ɗan lokaci kaɗan a yanke shi. Duk madannin da ya dogara kacokan a kansa yana iya ƙin motsi. Kuma a tuna, Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu, da yawansu da burauzar Phoenix suke zuwa, wasu ba su taɓa buɗe Chrome ba.

Mai turaren wuta, Gwammaja:
Ni tawa a rubutu ta fito. Na rubuta "ƙamshi mai ɗorewa", ƙawata ta turo mini hoton wayarta, inda ƙ da ɗ suke sai ɗan akwati babu komai a ciki. Alamar naira ma haka, farashi ya zauna tsirara. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin da Hausa nake tallata kayana. Ƙanena ya duba ya ce salon haruffan da aka zaɓa ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ya canza zuwa Noto Sans, ya tabbatar an sa UTF-8, tsarin da ke sa burauza gane kowane harafi, a saman shafin, shi ke nan aka rabu da akwatunan.

Mai tsara shafuka, Zoo Road:
Hajiya, ƙanen naki ya san aiki. Alhaji, a gaskiya amsar da mai aikin ya ba ka ba ta dace ba, kuma mu masu sana'ar ya kamata mu daina fakewa da ita. Akwai ƙa'idojin da duk burauza ke bi. Tun 1994 Tim Berners-Lee ya kafa W3C, ƙungiyar da ke tsara irin waɗannan ƙa'idoji, domin shafi ɗaya ya karantu a ko'ina. Fom ɗin oda da aka rubuta da HTML zalla, wato ainihin harshen gina shafi, mai madannin turawa na asali, har a Opera Mini yana aiki. JavaScript ado ne a kai, kamar aiki a wuyan riga: ko babu shi rigar na sawuwa. Abin da ke faruwa shi ne ana ɗauko samfurin da aka yi don masu intanet mai gudu, a cika shi da hotuna masu zamiya, a gwada a kwamfuta ɗaya, a karɓi kuɗi.

Ni kafin in miƙa aiki, ina sa adireshin a validator.w3.org ya nuna mini kurakuran HTML, sannan in duba caniuse.com, mai nuna abin da kowace burauza ke iya buɗewa, wanda ke da layin Opera Mini na musamman. Ina da tsohuwar itel a durowa don gwaji kawai, kuma da datar waya nake gwadawa, ba da intanet ɗin ofis ba. Sai iPhone: a nan ko Chrome ka sa, injin WebKit na Safari, burauzar iPhone, ne a ƙarƙashi, don haka gwajin Android bai wadatar ba. Alhaji, ka ce wa mai aikin naka ya mayar da fom ɗin HTML zalla, ya kuma sa lambar WhatsApp a rubuce a fili.

Mai shagon kwamfuta, Kabuga:
Ku tuna da mu ma. Ɗalibai na zuwa cike fom, wasu kwamfutocina Windows 7 ne, kuma Chrome ya tsaya musu a lamba 109 tun Janairun 2023. Wasu sababbin shafukan a hargitse suke buɗewa. A ɗaya gefen kuma na taɓa ganin shafin wani kamfanin sufuri da har yanzu ke cewa a shiga da Internet Explorer, alhali Microsoft ta yi masa ritaya tun Yunin 2022.

Mai kek da cincin, Tarauni:
Yaya na Zoo Road, don Allah taimaka. Da iPhone nake ɗaukar hoton kek in ɗora. Ni ina gani, masu Android su ce babu hoto. Kuma yawancin masu odata daga Facebook suke dannowa.

Mai tsara shafuka, Zoo Road:
Anti, iPhone na ajiye hoto a tsarin HEIC, Safari na nuna shi, Chrome ba ya nunawa. Shiga saitin kyamara, wajen Formats, ki zaɓi Most Compatible, za ta riƙa ɗauka a JPEG. Waɗanda kika riga kika ɗora sai an juya su an sake ɗorawa, a kuma rage musu nauyi saboda datar masu kallo. Tunda ta Facebook ake zuwa miki, ki aro wayar Android ki danna mahaɗin daga cikin Facebook ɗin, domin shi da tasa burauzar yake buɗe shafi. Ki bi odar har ƙarshe, ki ga ko saƙon ya iso miki.