Ina zan samu takardun aikin sojan kakana na yaƙin Bama?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimakon masana tarihi.

Kakana, Allah ya jiƙansa, sojan ƙasa ne a rundunar Nijeriya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi yaƙi a Bama, wato Myanmar ta yanzu. Bai samu igiya ko ɗaya ba. Abin da ya rage mana shi ne lambar yabonsa mai siffar tauraro, takardar sallamarsa kuwa gara ta cinye. Mahaifina ya ce yana yawan ambaton kogin Kaladan, shi ya sa nake zaton yana runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda ta fafata da Japanawa a can a 1944.

Ga inda na maƙale: ba mu da lambarsa ta soja, kuma Turawa sun rubuta shi da sunan garinmu maimakon sunan mahaifinsa. Hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth waɗanda suka mutu take lissafawa, shi kuwa ya dawo da ransa.

In fara da gidan adana takardun tarihi na Kaduna ne, ko ƙungiyar tsofaffin sojoji? Akwai wanda ya taɓa gano bataliyar kakansa ba tare da lamba ba? Mahaifina ya tsufa, ina so ya gani da idonsa.