Bunaji ko Bokolo? Musayar baiti kan irin shanu daga Gombe

Ɗan Fawa, Pantami:
Salamu alaikum. Baffa Jauro, ga tsokana ta iso ƙofarka.

Ku ba ni Bokolo in na shiga karar Tike,
Gajeren ƙaho, ƙirjinsa a cike,
Fatar wuya na reto a sake,
Cinya ta yi dam, tozo a miƙe,
Shi ne san da wuƙa take so.

Bunajinku, Baffa, kyan gani gare shi,
Na feɗe, na auna, na san ƙashinshi,
Faɗin cinya ake nema a kilishi,
Ba tsawon ƙafa mahauci ke so ba.

Baffa Jauro, Dukku:
Ɗana, kai ka san sa a yanke,
Ni na san shi da rai a garke,
Fari tas kamar an wanke,
Kunne baƙi, hanci baƙi, ƙaho sama ya miƙe,
Ko daga nesa ba ya ɓuya.

In rani ya ƙone Wawa-Zange,
Ciyawa ta ƙare har gindin shinge,
Tafiyar burtali ba ta sa shi ya rage,
Ya sha a Gongola, gobe yana gaba.

Bokolo ɗan Sakkwato ne, baƙo,
Mun karɓe shi, ba mu yi masa ƙwauro,
Amma in an doshi kudu, ƙasar tsando,
Tambayi wanda ya fi jure ciwon sammore.

Inna Mai Nono, Kumo:
Ku maza ba ku gani sai nama.

Saniyar fa, wa ya tuna da ita?
Da asuba ni ke durƙusa gabanta,
Maraƙi ya fara, sannan in tatse ta,
Kindirmo da mai duk daga ƙwaryarta,
Kuɗin makarantar yara ma ita ce.

Bappa Oro, Nafaɗa:
Kuna ta gardama kun bar Rahaji,
Ja wur, dogo, ƙaho ya fi na Bunaji,
Muryar mai shi kaɗai yake ji,
Baƙo ya matso, sai ya faɗa daji,
Danshi ne kawai ba ya shiri da shi.

Malamin Dabbobi, Bajoga:
Ni ban iya baiti ba, ku yi haƙuri. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka fitar a 1992 ta nuna Bunaji sun haura kashi ɗaya cikin uku na shanun Najeriya. Ɗan Fawa bai yi ƙarya ba a kan cikar jikin Bokolo, amma Bunajin da yake yankawa galibi daga doguwar tafiya ya fito, ko daga garma.

Ɗan Fawa:
Malam ya raba, bai ba kowa ba!

To Baffa, ɗaure min guda a turke,
Dusa da angurya kullum a jiƙe,
Harawar wake, kanwa a narke,
In ga ko haƙarƙarin nan zai cike,
Sai mu haɗu a bakin sikeli.

Baffa Jauro:
Akwai bijimi da ya gama huɗa,
Haƙora sun cika, bai san cuta ba ko guda,
Wata uku zan ba shi, ba ya ko gilma gona,
Kafin babbar Salla ka zo da kanka,
Kada ka turo min dillali,
La'adarsa ka ɗora a kan tayinka,
In ya yi kaɗan ka ji albarka.