Neman kalma: me za mu kira "homeostasis" da Hausa?

Malamar Jinya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana shirya ɗan littafin darasi da Hausa domin masu yi wa alhazai hidima a Mina da Arfa. Babin farko a kan abubuwan da jiki ba ya rayuwa sai da su ne: iskar oksijin, ruwa, abinci, zafin jiki gwargwado, da matsin iskar da ke kewaye da mu. Waɗannan duk sun fassaru ba wahala. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar homeostasis, wato yadda jiki ke kula da zafinsa, ruwansa, gishirinsa da sukarinsa kada su yi yawa ko su yi kaɗan, wadda babin gaba ɗaya ya rataya a kanta. Yaranmu da ke makarantun nan sun san ta da al-ittizanud dakhili, wasu littattafan Larabci kuma su ce al-istitbab. Amma alhajin Gumel ko na Maraɗi ba zai ɗauki ko ɗaya ba. An rubuta "daidaiton ciki" na wucin gadi. Ku duba mana.

Mai Harhaɗa Magani, Riyad:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a cire "ciki" ɗin nan tun kafin a buga. Namiji zai ɗauka maganar kumburin ciki ce, mace kuma ta ce juna biyu ake nufi. Ko "daidaiton cikin jiki" aka ce, kunne zai fara tsayawa a kan tumbi.

Ɗalibin Likitanci, Madina:
Malamai, me zai hana a bi asalin kalmar? Daga Girkanci take, stasis kuma tsayawa ce. Sai mu ce "tsayuwar jiki" mu huta.

Likitan Gaggawa, Makka:
Ƙanena, ka ɗauki rabin kalmar ka bar rabi, kuma rabin da ka bari shi ne mai muhimmancin. Walter Cannon, masanin aikin jiki na jami'ar Harvard a Amurka, shi ya ƙirƙiro ta a 1926, bisa tunanin Claude Bernard na Faransa game da ruwan da ƙwayoyin halittar jiki ke zaune a cikinsa. Da gangan ya zaɓi homeo, wato "mai kama da", ya ƙi homo, wato "iri ɗaya sak". Abin da yake nufi, ba abin da ke tsaye wuri guda a jiki. Komai yana hawa da sauka ne cikin wata 'yar tazara.

Ga misali. Zafin jiki muna cewa digiri 37, amma na lafiyayyen mutum yana sauka wajen asuba, ya hau da la'asar, bambancin kan kai rabin digiri ko fiye. Sukarin jini kafin a karya kumallo yana tsakanin 70 da 99, bayan cin abinci ya hau, sannan ya dawo. Sodiyam, wato gishirin jini, 135 zuwa 145. Wanda ya fi kowanne ƙunci shi ne ma'aunin tsamin jini, pH: 7.35 zuwa 7.45 kacal. Jikin da komai nasa ya tsaya cak, sunansa gawa. Saboda haka "tsayuwa" ta faɗi.

Mai Harhaɗa Magani, Riyad:
To "saitin jiki" fa? Kowa yana cewa "na dawo saiti", "kansa ba saiti". Yaro da babba sun san ta.

Likitan Gaggawa, Makka:
Malam, "saiti" kalma ce mai kyau, amma ta wani gurbi ce, kada mu ɓata ta a nan. Duk inda jiki ke kula da wani abu, sassa uku ne ke aiki: mai ji, mai hukunci, da mai aikatawa. Ɗauki mukayyif ɗin ɗakinka, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ka sa masa 24, wannan lambar ita ce saiti. Akwai ɗan abin da ke jin zafin ɗakin, akwai wanda ke kwatanta shi da 24, akwai injin da ke tashi ko ya mutu. A jiki, masu jin zafi suna fata da cikin ƙwaƙwalwa, mai hukunci wani ɗan sashe ne a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas, masu aikatawa kuwa su ne hanyoyin zufa, jijiyoyin jinin fata, da tsoka. Saiti shi ne 37 ɗin. Homeostasis kuwa shi ne dukan aikin da ake yi don a zauna kusa da shi.

Bambancin nan yana da amfani a bakin aiki. A zazzaɓi, saitin ne ya ɗaga: ƙwaƙwalwa ta mayar da shi 39, shi ya sa mutum yake rawar sanyi yana neman bargo alhali jikinsa zau, yana ƙoƙarin kamo sabon saitin ne. Farasitamol yana sauke saitin, sai zufa ta karyo. A bugun rana kuwa saitin yana nan a 37, ƙarfin jiki ne ya ƙare. Shi ya sa farasitamol ba ya yi wa mai bugun rana komai, yana ma iya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi. Idan muka kira duka biyun "saiti", ta yaya za mu koyar da wannan?

Tsohon Malamin Hausa, Madina:
Madalla, Likita. Daga bayaninka na fahimci cewa aiki muke nema wa suna, ba hali ba. A nan ne "daidaito" shi kaɗai ya gaza. Daidaito abu ne da aka samu aka zauna a kai. Ga shi kuma 'yan jarida da 'yan siyasa sun ja shi zuwa wajen "adalci da daidaito", har mutum ya fara jin kamar rabon arziki ake magana. Sai dai tushen, wato "daidai", ba shi da na biyu. In mace ta ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi daidai, ba tana nufin ya yi daidai da wani abu ba ne, tana nufin bai yi yawa ba, bai yi kaɗan ba. Wannan kuwa shi ne 135 zuwa 145 ɗin da ka faɗa.

Ku dubi yarinyar da ta ɗauko tulu a ka, hannuwanta a sake. Daga nesa tulun a tsaye yake. Matso kusa ka kalli wuyanta: ba ya hutawa, yana ɗan karkata nan, ya gyara can, duk taku ɗaya da gyara ɗaya. Muna buƙatar kalmar da za ta nuna aikin wuyan. Ina ba da shawarar "riƙo". Riƙon amana, riƙon gida, riƙon maraya: duk abubuwa ne da ake yi kullum, kuma suna iya kuɓucewa. "Riƙon daidaito."

Malamar Jinya, Jidda:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kafin in yarda, bari in gwada ta a jimlolin da za a faɗa wa mutane. "Ƙoda ce kan gaba wajen riƙon daidaiton ruwa da gishiri." Ta zauna. "Tsoho ba ya riƙe daidaito kamar saurayi." Ta zauna. "In zafi ya yi yawa, riƙon daidaito yakan kuɓuce wa jiki." Wannan ma ta fi Turancin daɗi.

Bari in cika jimlar farko da bayani, a ga ko za ta ɗauki nauyi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin babban mutum ruwa ne. Ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita lita ɗaya da rabi ne ko kusa da haka, sauran duk ana mayar da shi jini. Alhaji yana tafiya zuwa jifa yana zufa, jininsa ya fara kauri, haifotalamas ya ji, sai ya yi abu biyu: ya tayar da ƙishirwa, ya kuma sa a saki wani sinadari mai suna ADH da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsari ke raguwa, ya koma kalar shayi. Abin da ke ɓata tsarin ga tsofaffi shi ne ƙishirwarsu ba ta tashi da wuri. Wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun layin banɗaki ko karyewar alwala. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, nasa haɗarin ninki ne.

Mai Harhaɗa Magani, Riyad:
A ƙara ɗaya gefen, Hajiya, don kada a ɗauka yawan ruwa ne kawai magani. Zufa da gishiri take fita. Wanda ya yi awanni yana zufa, ko mai gudawa, in ya dinga ɗura ruwa zalla lita bayan lita, sodiyam zai faɗo ƙasa da 135, ruwa ya shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura: ciwon kai, amai, ruɗewa, har farfaɗiya. Ga shi ya sha ruwa ya ƙoshi, amma daidaito ya kuɓuce. Maganin shi ne ruwan gishiri da sukari. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba a kofi ba, don in ya yi kauri ƙara janye ruwa zai yi zuwa hanji. In babu fakiti: lita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Sukarin ba don zaƙi ba ne, shi ke jan sodiyam ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi su. Na janye "saitin jiki", na bi Baba.

Ɗalibin Likitanci, Madina:
Ni ma na bi, sai dai ina da tsoro ɗaya. Akwai daidaiton tsayuwa da tafiya, wanda cikin kunne ke kula da shi, in ya samu matsala mutum ya ji jiri. Ba za a rikita su ba?

Tsohon Malamin Hausa, Madina:
Ɗana, Bahaushe ba ya cewa mai jiri ya rasa daidaito. Cewa yake jiri na ɗibarsa, ko yana tangaɗi. Wurin a buɗe yake, ba mu ƙwace wa kowa ba.

Likitan Gaggawa, Makka:
To ga gwaji mafi tsanani, wanda littafin zai fi buƙata. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301. In iska ta fi fata zafi, hanya ɗaya ta rage wa jiki ta fitar da zafi: zufa ta bushe a kan fata. Bushewar ce ke sanyaya mutum, ba fitowar ba. Lita ɗaya in ta bushe tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580. Wadda ta ɗiga ƙasa asara ce. Shi ya sa zafin Jidda mai laima ke galabaitar da mutum ko da lambarsa ba ta kai ta Makka ba. Mai tafiya a rana yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. A lokaci guda jijiyoyin fata sun buɗe, zuciyar da ke tura lita biyar a minti in ana hutawa yanzu dole ta ninka aiki da jinin da ke raguwa.

Matakin farko galabaita ce: zufa sharkaf, kasala, jiri, tashin zuciya, amma hankali yana nan. Jiki yana riƙe da daidaito da ƙyar. A kai shi inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafu, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Mataki na biyu shi ne zafi ya haura 40 kuma hankali ya taɓu: sambatu, faɗa ba dalili, tangaɗi, suma. Nan riƙon ya kuɓuce, jiki ba zai dawo da kansa ba. Kada a jira a ga fata ta bushe, da yawa suna zufa har a wannan matakin. A kira motar asibiti, a fara sanyayawa nan take: a rage tufafi, a jiƙa jiki duka da ruwan sanyi, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi. Ana so zafin ya sauka ƙasa da 39 cikin rabin awa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe.

Kalma ɗaya ta raba matakan biyu: yana riƙe, ya kuɓuce. Na amince da ita.

Unguwarzoma, Ɗa'if:
Sannunku da aiki. Tunda an samu uwa, a raɗa wa 'ya'yan suna. Yawancin aikin jiki martani ne da ke mayar da abu inda ya fito: sukari ya hau, sinadarin insulin ya sauke shi; ya sauka, wani sinadarin mai suna gulukagon ya sa hanta ta saki wanda ta adana. Wannan a ce "martanin mayarwa". Amma akwai mai ƙara abu gaba. A naƙuda kan jariri yana danna bakin mahaifa, a saki sinadarin oksitosin, ya sa mahaifa ta ƙara matsawa, kan ya ƙara dannawa, haka har a haihu. Daskarewar jini a bakin rauni ma haka take. Wannan "martanin izawa", kamar iza wuta. Don Allah kada a fassara su da "mai kyau" da "marar kyau", ba maganar kyau ba ce. Sannan a gyara wani kuskure da ke yawo: insulin ba daga saifa yake fitowa ba. Saifa daban, tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari tana tace jini. Mai yin insulin tana kwance a bayan tumbi. A rubuta fankiriyas har a samo mata suna.

Malamar Jinya, Jidda:
Na gode, Yaya, an gyara. Ga abin da zai shiga littafin: kan babi, "Riƙon daidaiton jiki", cikin bayani, "riƙon daidaito", lambar da jiki ke nema, "saiti", sai "martanin mayarwa" da "martanin izawa". Kalmar Turancin da ta Larabcin za su fito sau ɗaya a farkon babi saboda masu aiki da likitocin asibiti. Likita, ka duba mana lambobin shafi na huɗu kafin Alhamis. Baba, saura fankiriyas da "jijiya", don har yanzu kalma ɗaya muke kiran ta jini da ta saƙon ƙwaƙwalwa da ta agara.